Gida Ɗaya, Mutum Ɗaya

Litinin, 4 ga Agusta

An ɗauke mu, mu biyun! Kwalejin jiha. Ni kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, Gajera kuma injiniyan lantarki. Baba ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya bar injinan ɗinkin mutane a kwance a kan tebur, yana tare duk wanda ya gani a layi yana cewa tagwayensa za su kwaleji. Mama sai dariya take tana share ido da gefen mayafi.

Gajera ta ce daga yau a daina kiranta Gajera, a ce Injiniya. Da yatsa ɗaya kacal na fi ta tsawo, amma sunan ya bi ta tun muna rarrafe, ni kuma aka laƙa min Doguwa.

Saura tallafin karatu na jiha. Malaminmu ya ce kar mu damu, duk wanda ya kai makin da muka kai an ba shi bara: kuɗin makaranta, ɗaki, har da na littattafai.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ta riga ta raba ɗakin da ba mu gani ba. Wai ita gadon sama, ni na ƙasa, don ina juyi cikin barci kar in faɗo in ba ta kunya.

Talata, 12 ga Agusta

A rediyon shagon Baba muka ji. Hukumar tallafi ta canza doka. Masu nema sun yi yawa, kuɗin kuma bai ƙaru ba. An soke na littattafai. Wannan da sauƙi. Sai na biyun: daga bana, gida ɗaya mutum ɗaya.

Baba ya ƙara murya kamar in an ƙara za a faɗi wani abu daban. Gajera ta ce, "Ai ba da mu suke ba, mu rana ɗaya aka haife mu, mutum ɗaya ne." Ba wanda ya yi dariya.

Juma'a, 15 ga Agusta

Mun je ofishin hukumar. Dogon baranda, bencuna cike da iyaye, fanka tana ƙara ba ta ba da iska. Da layi ya zo kanmu, matar da ke kan tebur ta dube ni, ta dubi Gajera, ta sake dubana.

Na ce, "Hajiya, tagwaye ne mu."

Ta ce, "Ai na gani, 'yata. Wallahi da ni na rubuta dokar da na tuna da irinku."

Ba ta yi mana wulaƙanci ba, har ma da ta yi da na fi jin sauƙi, in sami wanda zan ji haushinsa. Ta ce in gida bai zaɓa ba, su za su ɗauki wadda ta fi maki. Gajera ce ta fi ni. Da kaɗan, amma ta fi.

A hanya na ce mata shi ke nan, an gama, ita za ta tafi. Na faɗa da murya mai kyau. Ina jin na iya faɗa.

Baba ya ce ko injinan shagon duka ya sayar ba za su riƙe mutum ɗaya a kwaleji ba, balle ma ba nasa ba ne, na masu kawo gyara ne.

Laraba, 20 ga Agusta

Ta yi min abin da ban yafe ba tukuna.

Da safe ta ce za ta leƙa wurin Kawu, ƙanen Mama mai haɗa wa mutane wutar sola. Ashe ofishin ta koma ta janye sunanta. Ta dawo tana tafe tana cin gyaɗa, ta faɗa mana a bakin ƙofa kamar wadda ta je sayo allura.

Na ce wa ya aike ki? Ta ce, "Doguwa, ke fa ban da karatu me kika iya? Ko ruwan shayi kika ɗora sai an bi bayanki. Ni ko a tsakiyar kasuwa aka ajiye ni zan ci abinci."

Na jefe ta da filo. Na yi kuka a gabanta. Ita nata kukan a banɗaki ta yi, ta buɗe famfo wai kar a ji. Sai ka ce ban san muryar hancinta ba.

Baba kuwa tabarau kawai ya cire yana ta gogewa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ta rako ni tasha. Ita ta yi cinikin kuɗin kaya da kwandasta, ita ta zaɓa min kujerar taga. Da mota ta tashi na ga tana gyara igiyar takalminta, alhali takalmin ba shi da igiya.

Litinin, 15 ga Satumba

Ɗakin ƙarami ne: gado mai hawa biyu, tebur ɗaya, taga tana kallon tankin ruwa. Na sami wata ta riga ta shimfiɗa zaninta a gadon sama. Ba ta da yawan magana. Mun gaisa, shi ke nan.

Na farka da safe na ce, "Ke, tashi," kafin in tuna.

Asabar, 27 ga Satumba

Yau mai gadon sama ta buɗe baki. Babanta manomi ne, ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare. Sashenmu ɗaya. Ta ce da farko ba ta sami tallafi ba, an ce ta jira. Sai da aka kawo sabuwar doka wurare suka buɗe aka kira ta. Ta ce, "Ranar babana har rawa ya taka a gona."

Na ce Allah ya sanya alheri. Na fita na zauna a bayan tankin ruwa.

Na san ba ita ta kori Gajera ba. Na sani. Amma a gadonta take kwance.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Malamin kemistiri yana da wata ɗabi'a, in zai faɗi abu mai wuya sai ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zakara. Na juya hagu in taɓa Gajera da gwiwar hannu kamar yadda na saba. Wani saurayi ne a wurin, ya ce lafiya?

Na kira ta da yamma in ba ta labari. Iska na ta kaɗawa a wayar, wai tana kan rufin wani gida tare da Kawu. Ta ce, "Yi sauri, hannuna ɗaya ne a sake." Na fara, sai labarin ya fito ba daɗi. Irin wannan sai an gani tare.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Gwajin kemistiri ya fito. Ban taɓa ganin ƙaramin maki irin wannan a takardata ba.

Kuma an manna sanarwa a allon sashe: hukuma ta ɗaga makin da ake buƙata don a ci gaba da ba mutum tallafi. Wanda ya gaza a zangon farko, an yanke masa a na biyu.

Matsalata na san ta. Tun firamare da baki nake karatu. In karanta da ƙarfi, Gajera tana kwance tana katse ni, "Ban gane ba, sake," har sai abin ya zauna min. Ashe rabin ƙwaƙwalwata a gida na baro ta. Yanzu in na buɗe littafi shiru, kalmomin sai su yi ta wucewa kamar motocin da ba nawa ba.

In aka yanke min, da wane ido zan kalle ta? Ta ba ni wurinta in zo in zubar?

Ban gaya wa kowa a gida ba. Mama ta tambaya, na ce karatu lafiya lau.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ina ta motsa baki a kan littafi, ƙasa ƙasa, sai kai ya leƙo daga sama.

"Da wa kike magana?"

Na ce da kaina. Ban san yadda aka yi ba, sai na gaya mata komai: Gajera, ofishi, famfon banɗaki. Na ɗauka ta yi fushi. Can ta ce, "To ni na ci gadon 'yar'uwarki ke nan." Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce, "Haka ne mana. Karanta min da ƙarfi, in biya kuɗin haya."

Ba ta iya katsewa irin na Gajera ba. Ita sai ta bari na kai ƙarshe sannan ta ce, "Duk abin da kika faɗa ban yarda ba." Sai in fara daga farko ina jin haushi. Amma yana zama.

Asabar, 20 ga Disamba

Gida, hutu.

Gajera ta yi duhu, kafaɗunta sun buɗe, tafin hannunta ya yi kanta. Tana da jakar kayan aiki tata ta kanta, ba mai taɓawa. Ta saya wa Baba sabon tabarau. Muryarta ma ta ƙaru, ta saba kiran mutane daga saman rufi.

Tsohuwar da ke sayar da sabulu a kan kwana, wadda tun muna yara ba ta taɓa bambance mu ba, yau daga nesa ta ce, "Doguwa, an dawo?" Ko kuskure ba ta yi ba. Na amsa da fara'a, na shige gida na rasa abin da ke damuna.

Talata, 23 ga Disamba

Na bi su Gajera aiki, wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Ni a ƙasa ina riƙe da tsani, ita a sama. Abokan aikinta Injiniya suke kiranta, da gaske, ba da wasa ba. Suna da barkwancinsu, wani ya ce "kamar ranar akuya" duk suka fashe da dariya har da ita. Na tambaya, ta ce, "Dogon labari ne, sai kina wurin."

Da fitilu suka kama, wata nas ta rungume ta. Na yi murna. Na yi, Allah ya sani. Kawai dai ban taɓa tsayawa ina kallonta daga ƙasa ba.

Talata, 13 ga Janairu

Abu biyu a rana ɗaya.

Na tsallake. Kemistiri da kyar, amma na tsallake, tallafina yana nan.

Na biyu: iyaye sun yi ta kai kuka, hukuma ta sassauta. Daga shekara mai zuwa an cire tagwaye daga dokar gida ɗaya, kuma wanda ya janye bana zai iya sake nema. Na karanta a allo sau ba adadi. Na fita da gudu ba takalmi ina neman inda waya ke kamawa. Gajera ba ta ɗauka ba, na bar mata saƙo, rabi magana rabi ihu.

Na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa mai gadon sama ta nemi wani gadon.

Juma'a, 16 ga Janairu

Ba za ta zo ba.

Ta ce ta ji saƙon tun ranar, tana neman yadda za ta faɗa min ne. Kawu zai buɗe reshe, ita zai ba wa. Wataƙila ta yi karatun yamma nan gaba, wataƙila.

Na ce amma wurinki ne, ke kika fi ni maki. Na ce duk abin da nake yi a nan jiranki nake.

Ta ce, "To ki daina. Watan farko kullum sai na yi kuka, ban gaya miki ba. Yanzu ya wuce, ina tashi da safe ina ɗokin fita. Kar ki dawo min da shi, Doguwa, don Allah. Ba ajiya na ba ki ba."

Na ce to. Ta ce kin yi fushi? Na ce a'a. Ta ce ƙarya kike, ina jin numfashinki.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Ba abin rubutawa. Ina kewarta, shi ke nan.

Talata, 24 ga Fabrairu

Yau aka fara barinmu mu yi aiki da madubin ƙara girma mu kaɗai, kowa da nasa. Na ɗiga jinin yatsana a gilashi, na shafa, na sa launi yadda aka koya mana. Na daɗe ina juya maɓalli ba na ganin komai sai hazo. Sai kawai suka fito. Ƙwayoyi, jajaye, cike da fili, da wasu 'yan kaɗan masu shunayya a ciki kamar an yi musu zane. Jinina ne. Na kira mai gadon sama ta zo ta gani, ta ce nata ya fi kyau, muka yi ta musu har malami ya ɗaga ƙafa.

Waya ta yi motsi a aljihun rigar aiki. Na leƙa, Gajera ce. Na ce bari in gama wannan.

Daga nan muka wuce cin abinci, daga nan laburare. Sai da rana ta yi sanyi, ina wanke safa a bakin famfo, na tuna. Na kira ina shirya ban haƙuri.

Ta ce, "Na kira ki? Yaushe? Oho, ina jin wani abu zan tambaye ki. Na manta."

Muka yi dariya. Na ba ta labarin jinin, ta ce in duba ko akwai hankali a ciki. Ta ce ana jiranta, na ce ni ma.

Na tsaya da wayar a hannu ina jiran abin nan da ke tokare min ƙirji duk lokacin da ta kashe. Na ɗan jira, bai zo ba.

Safar dai na ƙarasa wankewa. Gobe da wuri za mu shiga, ina so in sami madubin da ke kusa da taga.