Ni Na Yi Wa Mijina Baftisma, Na Kuma Yi Musu a Gaban Gawarsa

Daga Admin: Wata mamanmu ce ta aiko da wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. A amsa mata da ladabi.

Salama gare ku 'ya'yana na wannan guruf, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce, gwauruwa, ina zaune a Yelwa a nan Bauchi, ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Wata malamar firamare da take haya a gidanmu ita ke rubuta abin da nake faɗa, ita ta ce mini akwai masu bi da yawa a nan, har da fastoci. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in kuka ya zo ta jira ni. Sunayen da za ku ji ba na gaskiya ba ne.

Mijina kafinta ne, tun muna sabon aure muka taso daga ƙauyenmu a kudancin jihar nan, muka zauna tare fiye da shekara arba'in. A cocinmu ba a yi wa mutum baftisma sai ya yi aji na watanni, sannan ya tsaya gaban dattawa su yi masa tambayoyi, waɗanda suka ci sai a kwashe su a mota zuwa ruwa ta wajen Gubi a nutsar da su. Ni na ci tun ina goyon ɗanmu na fari, Bulus. Shi kuwa Baban Bulus yana da in'ina. Ya san amsoshin sarai, a gida yana goge katako yana jera mini su, amma ranar da ya tsaya gaban dattawa harshensa ya ƙi, ya yi ta fama da kalma ɗaya har gumi ya jiƙa masa riga. Sai wani dattijo ya ce, to kafinta, ko mu aika a ɗauko gudumarka a bugo maganar ta fito? Aka yi dariya. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake taka ajin nan ba har ya mutu.

Amma kada ku ce ya bar coci. Lahadi ba ta wuce shi, baikon da yake bayarwa a coci ba ya yankewa, yawancin bencinan da muke zama a kai shi ya haɗa su. Ranar Jibin Ubangiji kawai, in an ce waɗanda ba su da baftisma su fita, sai ya tashi da furfurarsa ya bi samari da 'yan mata, ya zauna a gindin mangwaron da ke gefen taga yana jirana. Na yi ta yi masa mita shekara da shekaru, ya koma ajin mana, ai wancan dattijon ma ya rasu. Sai ya ce, Maman Bulus, Allah yana da haƙurin sauraron mai in'ina, mutanensa ne ke sauri.

Bara da damina ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Muka yi sati uku a asibiti, daga baya likita ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a, mu ba yara ba ne, mun gane. Da muka dawo ya ce in kira masa Fasto, yana son baftisma. Fastonmu mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, ya zo a kan mashin ruwan sama yana dukansa, ya yi addu'a mai tsawo. Amma ya ce shi kaɗai ba shi da iko sai kwamiti ya zauna, kuma cocinmu ba ya yayyafi, sai nutsarwa. Ya ce in Baba ya ɗan samu sauƙi, shi zai roƙa a yafe masa tambayoyin, a ɗauke shi zuwa ruwa. Mijina ya yi murmushi ya ce to Allah ya kawo sauƙin. Mutumin da ko juyawa ba ya iya yi sai na juya shi.

Bayan kwana biyu, ranar Alhamis wajen ƙarfe uku na rana, daga ni sai shi a gida. Bulus yana ofis, ƙanwarsa Saratu tana gidan mijinta a Miri. Ya kama wuyan hannuna ya ce, ke ki yi mini. Na ce ni wa, ni mace, ko harafi ban sani ba? Ya ce shekara nawa kina tsaye bakin ruwa kina riƙe wa mata zani in sun fito, kin san kalmomin. Gaskiya ne, na san su. Na ji numfashinsa ya canza, sai kawai na ɗauki kwanon sha na ɗebo ruwa a randa, na ɗora kansa a cinyata. Na tambaye shi ko ya ba da gaskiya ga Yesu, ya ce na ba da gaskiya, a miƙe, ba sarƙewa ko ɗaya, ban taɓa jin maganarsa ta fito haka ba. Na zuba cikin sunan Uba, idonsa yana kaina. Na zuba cikin sunan Ɗa, ya lumshe ido ya buɗe. Na ukun, 'ya'yana, ban sani ba. Da na ajiye kwanon ya riga ya tafi, kuma har yau ban san ko yana da rai ba lokacin da na kira sunan Ruhu Mai Tsarki.

Ga abin da na yi bayan nan, wanda ko 'ya'yana ban faɗa wa ba sai yanzu. Ban yi ihu ba. Na goge masa kai da bakin zanina, na canza rigar filo, na tura jiƙaƙƙiyar ƙarƙashin gado, na mayar da kwanon kan randa. Sai da na gama ɓoye komai sannan na fita tsakar gida na kwarma kuka.

Dokar cocinmu, wanda ba shi da baftisma ba a shiga da gawarsa ciki, a waje ake yi masa sujada. Washegari dattawa suka zo gaisuwa, ɗaki cike da dangin mijina da matan zumuntar cocinmu. Shugaban dattawa ya sassauta murya ya ce, Mama, ko an taɓa yi masa a wani wuri, a ƙauye ko a wani coci, in akwai ki faɗa mana mu duba, mutumin nan ya yi wa gidan Allah aiki. Kowa ya juyo yana kallona. Ni kuma abin da ya zo mini shi ne horo, yadda ake kiran sunan mutum a gaban jama'a, a mayar da shi bencin baya, a hana shi jibi, mace a ce ta ajiye zanin zumunta. Na ga kaina a can da tsufana. Sai na ji bakina ya ce, ba a yi ba. Aka ajiye akwatinsa a gindin mangwaron nan, aka yi waƙa biyu da gajeren wa'azi, aka wuce maƙabarta.

Tun daga lokacin nake ganinsa. Ba mafarki ba, ido biyu, da rana tsaka. In muna cikin sujada na juya ta taga, yana zaune a wurinsa, hula a gwiwa, kansa a jiƙe, ruwan yana bin bayan kunnensa. Ba ya fushi, ba ya magana, ƙofa kawai yake kallo kamar mai jiran a ce ya shigo. In na ƙifta ido sai in ga babu kowa sai mashinan mutane. A gida kuma na daina ɗiban ruwa a randar nan, in kwano ya taɓa bakinta sai in ji gabana ya faɗi, ruwan leda nake saya yanzu, maƙwabta suna tsokanata wai Mama ta zama 'yar gayu. Ranar jibi ta farko bayan biso, da farantin gurasa ya iso gabana, na tuna ana karanta mana cewa mai ci da rashin cancanta hukunci yake ci wa kansa, sai na miƙa wa ta kusa da ni. Haka nake yi kowane wata har yau.

Da abin ya ishe ni na tara Bulus da Saratu bayan Ista na faɗa musu batun ruwan. Da na san abin da zai biyo baya da na yi shiru. Bulus yanzu shi ne mataimakin sakataren cocinmu. Ya ce abin da na yi ba baftisma ba ce, wanke masa kai na yi, ba nutsarwa, ba fasto, ga shi mace. Ya ce amma in kwantar da hankalina, bangaskiya ce ke ceto ba ruwa ba, ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji wa ya kai shi rafi? Na ce to in ruwa ba komai ba ne, don me aka bar ubanka a waje? Ya ce wannan tsarin ikilisiya ne, daban yake da ceto, ba zan gane ba. Ya kuma ce wanda nake gani ba Baba ba ne, matattu ba sa yawo, Shaiɗan ne ya ari fuskarsa, in yi azumi in tsawata masa. Ni in tsawata wa Baban Bulus?

Saratu kuwa a cocin su Fada take aure, wato Katolika. Ta fashe da kuka ta rungume ni, ta ce Mama ai kin yi masa, a wurinsu an koya musu in mutum yana bakin mutuwa kowa yana iya yi, mace ko namiji, muddin da ruwa da sunayen nan uku. Ta ce Baba yana wurin tsarkakewa, shi ya sa yake zuwa, addu'a yake nema, za ta ba da sunansa a yi masa. Nan Bulus ya miƙe, ya ce mataccen da ya riga ya tafi addu'ar me za a yi masa, ta nuna masa inda aka rubuta. Ta ce shi ma ya nuna mata inda aka rubuta a bar gawar mai bi a rana. Ya kira ta 'yar Fada mai sumbatar gumaka, ta kira shi ɗan kwamiti wanda rajista ta fi masa ubansa. Kowa ya buɗe Littafi a wayarsa yana tura mini a fuska, Mama duba nan, Mama ji wannan. Ni me zan duba, baƙaƙen abubuwa nake gani kamar tururuwa. Littafi ɗaya, 'ya'yan ciki ɗaya, kowa da abin da ya karanto. Tun ranar ba su gaisa ba, in Saratu za ta zo sai ta bugo ta tambaya ko yayanta yana nan.

Abu ɗaya Bulus ya roƙe ni har da durƙusawa, kada in faɗa wa kowa a coci. Ya ce za a sa ni horo, a ce na raina ikon ikilisiya, na kuma yi wa dattawa ƙarya. Kuma wanda ya mutu cikin horo shi ma ba a shiga da gawarsa, ni kuwa ga hawan jini, ga ƙafa. Ya ce, Mama kina so in tsaya a waje sau biyu?

To yanzu magana ta zo ƙarshe. Shugabar zumunta ta lura da yadda nake wuce da faranti, ta tambaye ni sau biyu na ce ba na jin daɗi ne, ba ta yarda ba, ta kai wa Fasto. Jiya aka aiko cewa Lahadi mai zuwa bayan sujada dattawa suna son ganina, su ji abin da ya raba ni da teburin Ubangiji wata goma sha ɗaya. Shugaban dattawan nan da ya tambaye ni ranar gaisuwa yana cikinsu, shi zai sake tambayata.

Bari in faɗa muku gaskiyar zuciyata. Da, horo nake tsoro, yanzu ba shi ba ne sosai, bencin baya ma zama ne. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne, muddin ban faɗa ba, ina iya gaya wa kaina watakila Allah ya karɓa. In na faɗa, suka zauna, suka buɗe littattafansu, suka ce mini da bakinsu ba a yi ba, to da me zan koma gida? In kuma na sake yin shiru, na musunta mutumin nan sau biyu ke nan, shi da ya damƙa mini abin da ya kasa samu a wurin maza.

Ku da kuka yi karatu, fastocin da ke nan, da ku na cocin su Fada, da sauran, don Allah kada ku yi faɗa a ƙarƙashin maganata, na sha wannan a gida. Ku faɗa mini a sauƙaƙe yadda malamar nan za ta karanta mini in gane. Ruwan da mace jahila ta zuba daga kwanon sha, baftisma ce ko ba ita ba ce? In ransa ya fita kafin zubi na uku, biyun farko sun tsaya masa? Wanda nake gani ta taga, in yi masa magana ko in kawar da kai? Kuma ranar Lahadi, in an ce Mama me ya faru, in faɗi gaskiya in jawo wa ɗana kunya, ko in ce ciwo ne in miƙa hannu in ɗauki gurasar?

Malama ta ce za ta karanta mini kowace amsa, ko mai zafi ce, na ce kada ta tsallake ko ɗaya. Yau Laraba. Zan je wurinsu ko da me kuka ce, abin da ban sani ba shi ne abin da zai fito daga bakina.