Ƙarshen Labarin Shamuwa

Daura, daren Laraba, watan Rajab

Yau Anti Rabi, yayar maigidana, ta zo daga jami'a. Bincike take yi kan wani tsohon marubucin labaran yara, mai labarin yarinyar da shamuwa ta ɗauka zuwa birnin cikin gajimare. Don murna na tura littafin soyayyar da nake karantawa ƙarƙashin filo, na zuba mata labarin kaf, har inda shamuwa ta dawo da ita gida farkon damina.

Ta yi dariya ta ce, "Amarya, wa ya gaya miki ta dawo? Ai can ta tsufa."

Ta buɗe mini nata littafin. Gaskiyarta ce. Sai na tuna namu na gida ƙarshensa a yage yake. Lokacin ban iya karatu ba, ashe Baba da ka yake ƙarasa mini, yana kallon bangon littafin kamar mai karantawa.

Na shiga ɗaki na sha kuka. Allah ya jiƙan Baba, ba halin in tambaye shi ko ya san yarinyar ba ta dawo ba.

Anti ta ce in maimaita mata yadda Baba ya ƙarasa labarin ta sa a bincikenta. Na ce ta yi haƙuri, ɗan da ke cikina nake ajiye wa.