Butar Mista Soni

Daga Mai Shari'a, Babban Alƙali, zuwa ga Malam Sanda direba a Fatakwal.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Kotu ta leƙa gidanku a Funtuwa, kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, an gama cirar auduga, akuyarka ta haifi biyu, ɗaya kamarku ɗaya.

Dalilin takarda shi ne amanar da Mista Soni, Ba'indiyen gidan gurzar auduga da ka yi wa kuku, ya bar maka da zai koma ƙasarsu jinyar matarsa, wato butar shayi ta azurfa da kwanon sukarinta. Kai ka ce kakansa ya ƙera su, ya cika cikinsu da ƙaro, ya zauna da 'yar guduma yana fito da ganye da ɗawisu ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya dushe. Ka yi alkawarin zai same su yadda ya bar su, da za ka tafi Fatakwal ka bar su a ɗakin Inna.

To, Kawu Ummaru ya ce mutumin da ya yi shiru haka ba dawowa zai yi ba, ga bikin 'yarsa Barakatu ya matso. Ya kai kwanon sukari wurin Shitu maƙerin farfaru. Shitu ya daɗe yana juya shi, ya ce hannunsa ba ya son wannan aiki, irin wannan kallo ake yi, ba narkarwa ba. Kawu ya matsa. Yanzu kwanon ya zama mundaye. Inna ta shige ɗaki ta yi kuka, ka san ba ta iya musa wa yayanta.

Ran da za a kai butar, sai aka neme ta aka rasa. Kawu ya zazzage gidan kaf, har tulun Inna ya leƙa. Ya fara sakin magana a kan maƙwabciyarku Mama Adunni mai sayen tsofaffin kaya, matar da ta goye ka kana yaro, yanzu ko wuta ba ta aiko a ɗiba. Ya kuma rantse in buta ba ta fito ba kafin a buɗe kasuwar auduga, zai tara malamai a ja wa ɓarawo Yasin.

Binciken kotu ya nuna butar tana nan ba ko ƙwarzane, a tsakiyar buhun audugar Kawu na can ƙasa, don nan ne kaɗai bai zazzage ba. Sai dai buhun nan sikeli za shi tare da sauran.

Saboda haka kotu ta umarce ka ka taho a motar farko. Amanar taka ce, kai kaɗai za ka ce a'a Kawu ya ji.

A gai da Yaya Ladidi da Mati ƙarami, da Bature yaron motarka. Inna na sa maka albarka.

Yaya, babu wani alƙali. Na ga in na sa sunana sai ka ce shaƙiyancina ne, ka ajiye ba ka karanta ba. Ni na cusa butar a buhu. Na haddace Yasin, na san abin da take yi. In na fito da ita a narkar, in na yi shiru a ja mini. Don Allah ka riga malaman zuwa.

Ƙanenka,
Aƙilu