Ciwon sugar Mama yana rubuce da sunana

Sannunku da aiki masu kula da wannan shafi, sannunku masu karatu, Kirista da Musulmi. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙo, kafin kowa ya zage ni ya karanta har ƙarshe, domin zagin da na yi wa kaina a satin nan ya ishe ni.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune a unguwar Romi da maigidana. Mamata tana Narayi, a gidan da Baba ya bari. Ta haura saba'in, kuma ciwon suga ya kai ta ga allurar insulin safe da yamma. Ina da inshorar lafiya ta wurin aiki, amma ni da miji da 'ya'ya kawai ta ɗauka. Uwar da ta haife ni ba ta ciki. To ni da ban taɓa haihuwa ba, ga gurbin 'ya'ya nan a banza, na ce a sa Mama a ɗaya. Mai rajistar ya yi dariya ya ce, "Madam, ai ba ke kika haife ta ba." Na ce ita ta haife ni mana! Ya ce na gaba ya matso.

Sai na sa ta a wani tsarin tsofaffi da ake biya duk shekara. Kai, wannan ne ya kusa haukata ni. Ka bi layi tun safe, ka isa tagar ba da magani, a ce maka insulin ya ƙare, ka saya a waje. Sirinji ba ya cikin tsari. Tsinken gwajin suga ba ya cikin tsari. Wata rana an caji Mama kuɗin maganin da ba a ba ta ba, da na yi magana aka ce kwamfuta ce. Na ce da matar tagar, "Sista, wai me ke cikin tsarin nan naku?" Ta ce, "Farasitamol." Ni kuwa katina na ma'aikata, a asibitin da nake zuwa, babu abin da ba ya bayarwa. Lafiyata ƙalau, kati yana kwance a jaka, Mama tana tsallake allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. Wa zai ga haka ya yi barci?

Ga laifina. Na kai Mama wani ƙaramin ɗakin gwaji a unguwar Television, da aka tambayi suna na ba da nawa. Ba mai neman katin shaida, wurin shekaru kuma "babba" kawai suke rubutawa. Aka ɗebi jininta, takarda ta fito da sunana. Na kai wa likitan asibitina, na lissafa masa duk abin da Mama ke ji, ƙishirwa, yawan fitsari, jiri, kamar a jikina. Ya tausaya mini, ya rubuta a fayil. Daga baya na ce ƙwayoyi ba sa yi, na sake kawo takarda, aka mayar da ni kan allura. Shekara biyu ke nan ina karɓar insulin da sirinji da tsinke, in hau keke Napep in kai Narayi. Mama ta ɗauka inshorarta ce ta gyaru. Har shaida ta bayar a zumuntar mata ta coci, wai Ubangiji ya taɓa zuciyar masu magani. Ina zaune a bayanta, na rasa inda zan sa fuskata.

Yanzu abin ya juyo kaina. An gano ƙari a mahaifata, shi ne ya hana ni haihuwa, kuma an sa ranar tiyata. Ranar Talata muka je da maigidana, likita ya buɗe fayil ya ce, "Saboda sugarta za mu kwantar da ita tun Litinin, nas-nas su riƙa yi mata allurar da kansu." Maigidana ya ce, "Wace suga?" Likita ya kalle ni. Na kalli takalmina. A mota mutumin nan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Me na yi miki?" Da muka isa gida ya kwashe sukari da lemon kwalba ya ba maƙwabta.

Jama'a, na san abin da allurar nan ke yi wa mai lafiya. Na ga Mama ma ranar da ta yi allurar ba ta ci abinci ba, gumi da karkarwa har ta daina gane ni. Idan na yi shiru, ban san abin da za a zuba a jikina kafin a yanka ni ba. Idan na faɗi gaskiya, za a rufe katin, wataƙila maganar ta kai ofis, kuma maganin Mama ya tsaya. Albashina ba zai iya ba, na gwada a da. Na fasa tiyatar? In ce wa maigidana me, bayan shekara tara muna jira? Tun Talata ba na iya zama wuri ɗaya, in share tsakar gida in sake sharewa.

Jiya abin ya ƙarasa ni. Ashe maigidana ya kira Mama ya gaya mata. Da rana sai ga ta a ƙofa, ta hau keke ita kaɗai da ƙafarta mai kumburi, tana riƙe da 'yar kula mai ƙanƙara a ciki. Ta zauna tana kuka, ta ce, "'Yata, ki yafe mini, a jinina kika ɗauko wannan ciwo." Ta buɗe kular, kwalba biyu ce cikin ukun da na kai mata. Na ce, "Mama, ki mayar, naki ne." Ta ce, "Ni na rage tawa tun shekaranjiya, sau ɗaya a rana ya ishi tsohuwa. Ke ce ke da sauran rayuwa." Na yi, na yi, ta ƙi ɗauka, ta tafi ta bar su a firij ɗina.

Yau Asabar. Litinin za a kwantar da ni, Mama kuma tana can tana yin rabin allura saboda ciwon da ba ni da shi. Don girman Allah, wa zan fara gaya wa? Me zan yi?