Ko Me Na Danna, Shafin Taki Ne

Daren Laraba.

Barci ya ƙi zuwa. Tun hantsi nake fama da sabar shafin intanet na ƙungiyar manoman garinmu, ina haɗa kowane adireshi da servlet ɗinsa, wato ɗan shirin da ke buɗe shafinsa. Amma ko farashin gero a Dawanau na danna, shafin taki ne ke buɗewa. Akwai adireshin da ke haɗiye sauran, na duba fayil ɗin web.xml da ke jera su har idona ya yi ja, ban gano shi ba.

Da magariba Baba ya tambaye ni, kunya ta sa na ce, "An kusa, Baba." Ashe bayan isha'i sai ya miƙe a masallaci ya ce ɗansa ya gama, gobe kowa ya zo da wayarsa.

Wayyo Allah. Har liman ya ce zai zo.