Muryar Inna a Gindin Randa

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya iyali, ya jikin Anti Balki? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna. Mu nan Bakura lafiya, sai kewa.

Yaya, na yi ɓarna. Tabulet ɗin nan da ka aiko wa Inna, wanda saƙonnin muryarta ke ciki, shi na ɗauka in haɗa muku bidiyo kafin sadakar arba'in. Na sauke manhajar haɗa bidiyo, ashe ta fi ƙarfinsa. Ina cikin aiki ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Sai na yi masa abin da Inna ke yi mana in zazzaɓi ya kama mu: na jiƙa tsumma na lulluɓe shi, na ajiye a gindin randa. Bai sake kunnuwa ba.

Na kai shi Talata Mafara. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai ya ce, "Malama, da kin kashe kin bar shi, da ya huce da kansa. Ruwan ne ya gama da shi."

Ka gai da yara, ka sa ni a addu'a. Don Allah duba wayarka, duk muryarta da ka samu ka turo min, ko da wadda take maka faɗa ce.

Ƙanwarka,
Hadiza