Harsashin da Ya Maƙale a Bindigar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda, sai dai idan aka hana ta gishiri ta ce likita bai san daɗin duniya ba. Auta ya samu aikin waldar da yake nema, ni kuma ɗinki ya ɗan buɗe mini.

Na ɗauki biro maimakon waya ne domin maganar ta fi ƙarfin bakina. Makon jiya muka buɗe ɗakin Baba, Allah Ya jiƙansa, saboda rufin ya fara yoyo. A bayan kabad muka tarar da bindigar farautarsa naɗe cikin tsohon bargo, wadda ranar rabon gado ka aiko cewa ko kyauta ba ka so. Da Auta ya buɗe ta sai ga harsashi a ciki, tsatsa ta manne shi. Ka san ɗan'uwanka da rawar kai. Kafin in juya ya ɗauko ƙarfe da guduma, wai zai zura ta baki ya doke shi ya fito. Ban taɓa jin Inna ta yi tsawa irin ta ranar ba. Ta ce ya ajiye ta a hankali, bakinta na kallon bango, ya fita, kada kowa ya sake taɓa ta sai an kira Baba Maƙeri.

Za ka tuna shi, aminin Baba mai gyaran bindigogin mafarauta a bayan kasuwa. Ya tsufa ƙwarai, amma hannunsa ba ya rawa. Yana zuwa ya fitar da kowa, ya sa aka kawo duro cike da yashi, ya kafa bakin bindigar a ciki. Ya gaya wa Auta cewa harsashi ba ya tsufa da kisa, da ya buga gudumar nan da yanzu zaman makoki ake yi. Bai yi mata ƙarfi ba. Mai kawai yake ɗiga mata kullum da safe, ya kulle ɗakin ya tafi da makulli a aljihu. A rana ta huɗu harsashin ya saki, ya zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jinjiri.

Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Daga baya ya kira mu, ya nuna mana wata 'yar lotsawa a gindinsa, ya ce wannan shaida ce an taɓa jan kunamar bindiga a kansa, bai tashi ba. Sai ya ce akwai amanar da ya riƙe shekara talatin da ɗaya, mai ita kuwa, wato Baba, ya ce masa ya riƙe ta ne iya tsawon ransa.

Ya ce wata rana da la'asar Baba yana farauta a gefen rafi, ya ga ciyawa na motsi, ga wani abu ja-ja-ja a tsugune kamar gada. Ya saita, ya ja kunama, bindiga ta ce ƙas, ta ƙi tashi. Yana ƙoƙarin gyarawa sai abin ya miƙe tsaye. Ashe yaro ne ɗan shekara tara da jar riga, ya biyo ubansa a ɓoye don ya ga yadda ake farauta. Yaya, kai ne.

Na san ka tuna ranar, domin ita ce ranar marin da ka sha ba mu labari, wanda ka ce tun daga shi ka gane Baba ba ya ƙaunarka. Baba Maƙeri ya ce daga gida shagonsa Baba ya nufa, ya zube a kan benci, ya ba shi labarin abin da ya faru. Baba Maƙeri ya nemi ya cire masa harsashin, Baba ya hana, ya ce a bar shi a ciki, duk ranar da zuciyarsa ta kira shi daji zai buɗe ya duba. Bai sake farauta ba. Mu aka ce mana idonsa ne ya raunana. Kai kuma duk lokacin da ka roƙe shi ya koya maka harbi ya kore ka da faɗa, ka ɗauka raini ne. Ita kanta Inna ta ce iyakar saninta Baba ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, kuma duk inda ka gifta sai ya bi ka da ido. Gaskiya rashin sani ya fi dare duhu.

Harsashin dai Baba Maƙeri ya raka Auta sun miƙa shi ga hukuma a lalata, tunda har yanzu da ransa. Bindigar an cire mata allurar da ke dukan harsashi, ba za ta sake tashi ba, kuma ba za mu yanke komai a kanta ba sai mun ji daga bakinka.

Ban rubuto don in ce marin bai yi zafi ba, ko shirun da ya biyo baya daidai ne. Baba mutum ne da bai iya faɗin abin da ke ransa ba, kai ma kuma ka gado shi a nan. Na ga dai bai kamata mu sani kai ba ka sani ba. Ba ka samu jana'iza ba, har yau kuma ba ka ga kabarinsa ba. Inna ta ce in gaya maka idan ka samu hutu ka zo, ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Auta ya san wurin, zai kai ka ya jira ka a bakin ƙofar maƙabarta.

Ka gaishe mini da Anti, da takwarar Inna, da ƙannenta biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, haka ma Baba Maƙeri. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da kake kira Uwar Surutu